Jika talatin a hannu: agogo mai kira, ko ekuter da kart memwar?

Ɗan yayata ya samu ɗan aiki wajen wasu ƴan kasuwar albasa, shi ke riƙe musu lissafi yana bin kuɗi, to kusan duk sati biyu sai ya hau kar, babbar motar fasinja, daga nan Tawa zuwa Yamai ya dawo. Wanda ya san hanyar nan ya san ba wasa ba ce, kilomita ɗari biyar da ƴan kai, ka gangara Tsarnawa ka faɗa Ƙonni, ka wuce Dogon Dutsi ka wuce Dosso, in kun tashi da asuba sai azahar ta yi ko ta gota kafin ka ga Yamai. Ran nan da marece ya same ni ƙofar gida ina dafa shayi, ya tsuguna ya gaida ni ya ce kawu, jika talatin na tara, agogon nan mai kira nake so in saya, wanda ake amsa waya da shi a hannu, ka raka ni kada a cuce ni. Na ce zauna tukuna ka sha na farko, kafin a kai na uku mun gama lissafi. Abin da na faɗa mishi shi ne zan zayyana nan, don na lura yara da yawa kuɗin farko da suka samu can yake tafiya.

Agogon da yake magana na san shi ciki da waje don ni ma na taɓa faɗawa. Irin wanda ake kwaikwayon siffar Apple Watch ne, kwalinsa ya fi shi kyau, a ciki har madauri biyu ko uku ake sa maka. Na saye shi a Yamai wajen wani mai tebur, sati na farko kam na ji daɗi, ana kira na hannuna na rawa, yara na kallo. Wata rana muna hira wani abokina da ke aiki a asibiti ya ce ba ni shi in gwada wani abu, ya kwance shi ya ɗaura ma butar alwala, ya danna wajen awon bugun zuciya, muka zuba ido, sai ga shi ya rubuta 78. Buta fa! Muka yi dariya har da hawaye, ya ce to ka ga likitanka. Tun ranar ban ƙara yarda da ko ɗaya daga cikin lambobin da yake nunawa ba, balle wai awon hawan jini, wanda wannan ma haɗari ne, don akwai dattijon da zai duba ya ga an ce mishi lafiya lau ya aje maganinsa.

Amma ba wannan ya raba ni da shi ba, caji ne. Kwana biyu batirin ya ƙare, in ana yawan kira kwana ɗaya ma, kuma mu da kuran ke zuwa yana ɗaukewa lokacin bazara kana fama da waya da fitila da ƴar fanka, ka ƙara ma kanka wani baki mai neman ci. Sarjer ɗinsa kuma na maganaɗisu ne mai ƴan haƙora biyu, ranar da ya ɓace min na zagaya shaguna, kowa ya ciro nasa sai ka ga tazarar haƙoran ba ɗaya ba, shi ke nan agogo ya koma cikin durowa. Sannan ita kanta amsa kiran da ake ɗoki, lasifika ce a buɗe. Na ce ma yaron, kai da aikinka kuɗin mutane ne, kana cikin kar alhaji ya kira ka yana cewa je ka amshi jika ɗari takwas wajen wane, duk wanda ke kujerar gaba da ta baya ya ji, haka kake so? Ya yi shiru.

In dai dole sai abu mai haɗuwa da waya, ni na fi ganin girman ɗan siririn nan na Xiaomi da ake kira Smart Band. Na 8 ɗinsa da ya fito a 2023 kamfanin ya ce yana kai kwana 16 da caji ɗaya, in ka bar fuskarsa a kunne kullum zai ragu sosai, amma ko sati guda ya yi ai ya tsere ma mai kwana biyu nesa. Ba shi da lasifika, ba a magana da shi, rawa kawai yake a hannu ya nuna maka wa ke kira, ya tashe ka asuba ba tare da ya tashi duk ɗakin ba, kuma an rubuta mishi 5ATM, ma'ana ruwan alwala da wanka ba su dame shi ba. Abin da ya fi burge ni, kana iya tsayar da abin da kake saurare ko ka ci gaba daga hannunka, waya na can cikin aljihu. Su Apple Watch na gaskiya ba sai na ɓata baki ba, ba ya aiki sai da iPhone, kamfanin da kansa awa 18 zuwa 24 yake faɗi na batiri a kan na gama-gari, kuɗinsa kuma jika talatin ko kusa ba ta je ba. Galaxy Watch na yanzu shi kuma sai da Android.

Sai na uku, wanda yara ke rainawa, Casio F-91W. Tun 1989 ake yin sa bai canza ba, ƙwayar batiri ɗaya tana kai wajen shekara 7, ga ƙararrawa ga kwanan wata, ba ruwansa da kuran ba ruwansa da rezo. Fitilarsa dai ba ta da ƙarfi, kuma na jabu sun fi na gaske yawa a kasuwa. Mai kama da shi akwai Al-Fajr, na wani kamfani daban, da alhazai ke kawo tsaraba, mai nuna lokutan salla, shi ma in na gaske ne ba ka da matsala da shi.

Maganar madauri kuwa a nan garin ba ado ba ce. Wanda bai yi watan Afrilu da Mayu a Tawa ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kullum, ba zai gane ba. Na roba mai laushin nan da ke zuwa da yawancin agogon zamani ba ya shan zufa, tana taruwa ƙarƙashinsa ta haɗu da ƙura, kwana kaɗan ka ga ƙuraje sun zagaye hannu, in za ka sa shi to ka nemi mai huji-huji kuma ka sassauta. Na fata shi ya fi kowa kyau, musamman in dukawanmu suka yi maka da hannu, na taɓa ba wani ya yanka min daidai agogona ya ɗinke gefe da jan zare, wallahi har tambaya ake, amma fata da ruwa ba sa shiri, mu kuma sau biyar muke alwala, in ba kwancewa za ka riƙa yi ba wata biyu zai fara wari ya tsattsage wajen huji. Na bar shi na Juma'a da biki. Na ƙarfe yana jure ruwa, sai dai ka hau moto da rana tsaka ka ji yadda yake ɗaukar wuta, yana cizon gashi, na arha kuma fentin ya goge ya bar maka ƙaiƙayi. Wanda na tsaya a kai shi ne na zaren nailan da ake zurawa ta bayan agogo, wanda ake kira NATO, ya yi datti ka wanke da omo ka shanya, kafin ka gama cin abinci ya bushe, kuma da yake ta ƙarƙashin ƴan sandunan nan biyu masu riƙe madauri yake bi, ko ɗaya ta ɓalle agogon ba ya faɗuwa, yana rataye da ɗayar. Kafin ka saya ka auna faɗin tsakanin kunnuwan agogon, yawanci milimita 18 ne ko 20 ko 22, kada mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. Shi Smart Band madaurinsa na kansa ne, ba kowane ke shiga ba, wannan ma a sani.

To amma duk wannan ba shi ne ciwon yaron ba. Ciwonsa awa takwas zuwa tara a zaune, an kunna musu bidiyon da bai zaɓa ba, karatu a waya kuma cikin girgizar mota yana sa shi jiri. Abin da yake buƙata abin saurare ne, kuma nan na fi daɗewa da shi.

Hanyoyin samun littafin saurare da na gwada guda huɗu ne ko biyar. Akwai Audible na kamfanin Amazon, shi ne sarkin fagen, masu karatun ƙwararru ne, sauti tas, yana riƙe maka inda ka tsaya. Amma na Faransa kusan yuro 10 ne a wata, yuro ɗaya kuwa sefa 655 da ƴan kai ne, ka ga sama da jika shida kenan duk wata a kan littafi ɗaya, kuma sai kana da kart ta banki irin Visa, ga shi ban taɓa cin karo da littafin Hausa a ciki ba. Ga ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da ke son gyara Faransancinsa kuma yana da ɗan'uwa a waje mai biya mishi, madalla. Ga yaron albasa, a'a. Akwai LibriVox, wanda aka kafa a 2005, ƴan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta ne gaba ɗaya kana saukewa a matsayin MP3, yawanci Ingilishi ne da ɗan Faransanci, muryoyin kuma sai sa'a, wani babi ka samu mai karatu kamar ɗan jarida, na gaba ka samu wani kamar barci yake ji. Masu son Faransanci zalla akwai dandalin Littérature audio, shi ma kyauta.

Na Hausa kuwa, gaskiya YouTube da gurup-gurup na WhatsApp da Telegram su ne kasuwarsa, labaran soyayya da na gidan aure da na yaƙi da aljanu daga wajen Kano, ga tafsiri ga karatun littattafan addini ga tarihi. Matsalar YouTube biyu ce. Ta farko bidiyo ne, ko hoto ɗaya aka manna yana cin mega fiye da sauti zalla, ta biyu in ba biya kake ba, kana kashe fuskar waya ya tsaya, dole ka bar ta a kunne tana zafi tana shan batiri. Ga hanyar tana da wuraren da rezo ke ɓacewa, daidai inda labari ya yi daɗi ka ga abin na juyawa. Na gurup kuma sauti ne kam, mega kaɗan, amma a warwatse, yau kashi na 12 gobe na 13, tsakaninsu gaisuwar Juma'a ɗari da tallan atamfa, na 14 kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Yanzu ma an fara sa muryar inji tana karantawa, ba ta san bambancin gari na zama da gari na tuwo ba, minti biyar na kashe.

Shi ya sa har yau ban ga abin da ya kai kart memwar ba, ko a ce tsohon yayi ne. Ku yi lissafin da ni. Sautin magana da aka matse a kan 64 kbps, wanda ya ishi muryar mutum sarai, yana cin wajen mega 29 a awa. Tafiyar Yamai gaba ɗaya ba ta kai mega 300 ba. Kart mai jiga 32 za ta ɗauki sama da awa dubu. Ka sauke da dare lokacin da forfe ke da sauƙi, ko inda ka samu wifi, ko abokinka ya tura maka ta Xender ba ko dala, ko ka je wajen yaran da ke zaune da kwamfuta a bakin tasha suna ɗora ma mutane waƙa da wa'azi. A nan ma akwai jabu, kart a rubuce jiga 64 amma ka cika ta ka ga rabin fayilolin ba sa buɗewa, in ka ji farashin ya yi arha da yawa to ka san da walakin. Kuma ka duba wayarka na da ramin kart ɗin, su Tecno da itel da Infinix yawanci suna da shi, iPhone ba ta taɓa yi ba, manyan Samsung na yanzu ma sun cire. Abu ɗaya dai da ke damuna, da yawan waɗannan karatun ba da izinin marubutan aka yi su ba. In marubuciya na sayar da nata da kanta, kuma ka ji daɗin labarin, ka nemi wani a Ƙonni ya tura mata nairarta, ba ta taka kara ta karya ba.

Kada ka saurari littafi da abin kunna waƙar da ya zo da waya. Yana manta inda ka tsaya, kuma yana cakuɗa komai, kana cikin babi mai sa kuka sai ga kiɗan ƴan kokowa ya faso. Ni Smart AudioBook Player nake aiki da shi, kowane littafi ka sa shi cikin jakarsa, yana riƙe wajen tsayawa ko bayan sati, yana da agogon barci wanda zai kashe kansa bayan minti kaza, ana ƙara sauri ko a rage. Wasu abubuwan nasa bayan wata ɗaya sai an biya ɗan kuɗi, amma na kyautar ma ya isa. VLC shi kyauta ne ɗungurungum ba talla, yana buɗe kowane irin fayil, sai dai wajen tsara littattafai bai kai wancan ba. Ƙaramar dabara, ka sa ma fayilolin lamba 01, 02, 03, in ka rubuta 1, 2, 3 wasu wayoyin sai su kawo 10 kafin 2, ka ji an ɗaura aure kafin a fara zance.

Ekuter kuma, abin saurare na sawa a kunne, mai igiya na ce ya saya. Ƴan ƙananan na Bluetooth sun fi kyan gani amma su ma caji, kuma in ka yi gyangyaɗi ɗaya ya faɗa ƙarƙashin kujera tsakanin buhuna to ka yi mishi addu'a. Mai igiya ba ya neman komai, kuma shi ne eriyar rediyon FM ta waya, ka kama labarai ko shirin Studio Kalangou ba mega ko ɗaya. A kan moto dai kada a sa ko wanne.

Saura dabarun sa waya ta yi abu da kanta. Masu Samsung sun huta, cikin saitin akwai Modes et routines, ka ce in kaza ya faru yi kaza, kuma da yake na gida ne har intanet yana iya kashewa ya kunna. Masu iPhone suna da Raccourcis, shi ma haka. Mu ƴan Tecno sai mun ɗauko daga waje, ko MacroDroid ko Tasker. Tasker ya fi ƙarfi amma na kuɗi ne kuma sai mai haƙurin zama, na buɗe shi a wayar wani na rufe. MacroDroid yana ba ka umarni 5 kyauta, kuma a sauƙaƙe yake, abin da zai tayar, abin da za a yi, shi ke nan. Sai dai ka sani Android na yanzu ba ya barin irin waɗannan su taɓa intanet ɗin sim kai tsaye sai da wasu dabaru masu wuya, kuma wayoyinmu suna da halin kashe duk abin da ke aiki a ɓoye don tattalin batiri, in ba ka shiga saitin batiri ka ce a ƙyale MacroDroid ba, kwana biyu zai yi aiki ya yi shiru ka ɗauka ya lalace.

Guda uku kawai na sa. Ina soka ekuter littafina ya buɗe. Caji na kaiwa 80 ta yi ƙara in cire, don zafin garin nan da cika batiri dam kullum su ke kumbura shi. Na uku kuwa darasi ne ya koya min, wata Juma'a liman na tsakiyar huɗuba wayata ta saki kiɗa daga aljihun riga ta ciki, ina lalube babbar riga ta naɗe min hannu, dattijon da ke gefena bai ce komai ba, kallo ɗaya ya yi min wanda har yau ina jin sa a wuya. Wannan ma ba ya buƙatar wata manhaja, Ne pas déranger da ke cikin kowace Android, mai sa waya ta yi shiru, ana sa mishi rana da awa, na sa Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 3, da kowane dare, na bar lambar tsohuwa da ta maiɗakina su shigo, akwai kuma wajen da in mutum ya sake kira cikin minti 15 zai wuce. Na magariba ne ke ba da wahala don lokacin na matsawa da shekara, sai ka riƙa gyarawa. Kada ka ce waya ta gane ka shiga masallaci ta hanyar GPS, na gwada, batiri kawai take sha, ga masallacin unguwarmu taku ashirin ne daga gida, ba ta bambance su. Wanda kuma ya fi duka ceton mega, shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa.

Da muka kai shayi na uku na ce mishi, ni da kuɗin nan a hannuna kart mai kyau zan saya da ekuter mai igiya da ɗan pawabank, in sa Casio da madaurin nailan, in kuma ran na son mai rawa a hannu to a ƙara haƙuri a tara a sayi Smart Band na gaske. Ya ce to kawu. Ya sayi kart da ekuter da pawabank ɗin, Casio kam ya ce na tsofaffi ne. Da zai tafi ya ce wancan da ke cikin durowa fa, na ce ba sarjer, ya ce a ba shi haka. Shekaranjiya ya kira ni daga Dosso an tsaya cin abinci, wai ko ina da kashi na 14, mutumin da ke gefensa ma ya karɓi kunne ɗaya tun Dogon Dutsi shi ma jira yake. Agogon na ɗaure a hannunsa fuska baƙi ƙirin, in an tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ciro waya ya duba.